Hayaƙin Mancesta

'Yata,

Mahaifiyarki ta gaya mini takardunki sun fito, kin samu aikin jinya a Mancesta. Alhamdu lillahi. Allah ya sa alheri ne ya kira ki. Ta ce kuma kin dame ta sai na ba ki labarin garin, tunda can muka yi ƙuruciya ni da marigayi babanki. To, gyara zama. Tsohuwa ba ta iya gajeren labari ba, sai kin yi haƙuri da ni.

Garin da zan ba ki labarinsa ba shi za ki tarar ba. Suna ne kawai ya rage. Ke za ki sauka cikin dogayen benaye na gilashi, jirgin ƙasa na cikin gari yana ratsa titi. Mu kuwa cikin jan bulo muka tashi, wanda hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin.

Auduga ce ta kai kakanki. Tun 1902 masu masaƙun Lankasha suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, ofishinta a Mancesta, suna neman ƙasar da za ta noma musu. Su suka kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa. Audugarmu takan tafi a ɗaure, ta dawo mana akoko da atamfa, mu saya da tsada. Kakanki ya ce shi kam sai ya ga inda ake wannan aiki da idonsa, gani ya kori ji. Ya tafi a tsakiyar shekarun 1950. Da rana yana masaƙa, da dare yana aji. Da ya zauna da gindinsa sai ya aiko, muka bi shi a jirgin ruwa, ina 'yar mitsitsiya, babanki yana goye a bayan Inna.

Hulme ake ce wa unguwarmu, kudu kaɗan da tsakiyar gari. Gidaje ne a jere, manne da juna, layi bayan layi, duk kamarsu ɗaya. Ɗaki biyu a ƙasa, biyu a sama. Ƙofa kai tsaye take buɗewa kan titi, babu zaure, babu soro. Bayan gida yana can waje, a ƙarshen ɗan tsakar gidan da ke baya. Wankan yara kuwa a bahon kwano ne, wanda ke rataye a ƙusa duk mako. Daren Juma'a a sauko da shi gaban murhu, Inna ta yi ta dafa ruwa a tukunya. Ni ake fara yi wa, sannan babanki ya shiga ruwan da na bari. Har ya yi furfura bai daina yi mini gori a kan wannan ba, Allah ya jiƙansa.

Murhu ɗaya ne ke ɗumama gidan, na kwal. Mai kwal yakan zo da buhu a kafaɗa, fuskarsa baƙa sai idanu, ya juye ya wuce. Gas kuwa sai an jefa wa mita sule. In sule ya ƙare tuwo yana kan wuta, sai a tura ni gidan maƙwabta neman canji da gudu.

Duk inda kika ɗaga kai, bututun masana'anta ne ke aman hayaƙi, ga kuma na gidaje dubbai, kowane gida da nasa. Inna ta shanya farin zane da safe, kafin azahar ya yi ɗigo-ɗigon kunkunniya. In hunturu ya yi, hazo ya haɗu da hayaƙi, ya sauko ya zauna a titi, launinsa rawaya-rawaya. Mutum ya miƙa hannu da ƙyar ya ga yatsunsa. Kwandastan bas yakan sauko ya yi gaba da fitila, direba yana binsa a hankali. Mukan ɗaure hanci da hankici mu tafi makaranta muna shafa bango. Kafin mu isa, hankicin ya yi baƙi daidai baki da hanci. Mu yara wasa muka ɗauki abin. Tsofaffin layinmu kuwa, a irin wannan mako ake fita da gawarsu. Sai da irin wannan hazo ya kashe dubban mutane a Landan a Disambar 1952, sannan majalisa ta yi dokar tsabtace iska a 1956. A hankali aka hana ƙona ɗanyen kwal, unguwa bayan unguwa. Da aka soma wanke manyan gine-ginen tsakiyar gari, na tsaya baki buɗe. Ashe ba baƙi Allah ya halicci dutsen ba.

Ba agogo ke tashin mu ba, jiniya ce. Da ta yi kuka sai ki ji ƙofofi suna buɗewa, takalma suna bugun duwatsun titi. Maza da yawa a layinmu Trafford Park suke aiki, wani makeken filin masana'antu, inda a ƙarshen yaƙin duniya na biyu mutum wajen 75,000 ke cin abinci. Da yamma in an tashi, kekuna da bas-bas su cika hanya, babu wurin tsallakawa. Kusa da nan ne tashar jiragen ruwa ta Salford. Mancesta ba a bakin teku take ba, amma mutanenta sun gaji da biyan kuɗin tashar Libaful, suka haƙa wa jirgi hanya mil 36, aka buɗe ta a 1894. Ranar Lahadi kakanki yakan kai mu mu ga manyan jirage tsaye a bayan gidajen mutane. Yakan ce mu dubi abin da taurin kai ke yi in an ɗora shi kan hanya mai kyau.

Amma in kin tambaye ni abin da na fi tunawa, dokin ƙofa ne. Matan unguwar suna da wata al'ada. Kowace takan durƙusa a bakin ƙofarta da bokiti, ta wanke dutsen dokin ƙofa, ta goge shi da wani dutse mai laushi har ya yi fes. Dutsen gogewar daga wajen mai sayen tsummoki ake samu, wanda ke yawo da keken doki yana kira. Ki ba shi tsofaffin kaya, ya ba ki dutse. Da dokin ƙofa ake auna mace. Gida yana iya kwana babu abinci, ba mai ji. Amma a bar ƙofa da datti, wannan abin kunya ne da za a yi ta maimaitawa a shago.

Inna ba ta san haka ba. Ita da ta fito daga kulle a Zariya, ina ita ina durƙuso a titi, maza suna wucewa? Namu dutsen ya yi ta baƙi. Layin ya yi ta kallo, ba mai cewa komai. Gaisuwa ma sai da ƙyar. Rannan sai maƙwabciyarmu ta hannun dama, wata 'yar Ailan mai 'ya'ya rututu, ta ƙwanƙwasa. Ba ta jin Hausa, Inna ba ta jin Turanci. Ta ajiye bokiti, ta durƙusa, ta wanke rabin dutsen. Sai ta miƙa wa Inna burushi. Inna ta dube ta, ta dubi titi, ta gyara mayafi, ta durƙusa ta ƙarasa. Da kakanki ya dawo aka gaya masa, ya yi shiru, can ya ce wanke ƙofa ba saɓon Allah ba ne. Da maraice Inna ta tura ni da kwanon shinkafa da miya gidan matar nan. Yaji ya sa yaranta kuka. Amma kwanon bai dawo wayam ba, da burodin da ta gasa da hannunta ya dawo. Daga wannan mako aka soma yi wa Inna murmushi a shago.

Kin ga, matar nan tana iya zamanta cikin masu gulma, ba abin da zai ragu a jikinta. Ta ɗauko bokiti. Shekarun da muka yi a layin nan lafiya, daga wannan rabin dutse suka fara. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Da haihuwar ƙanwarmu ta zo cikin dare, ita ce ta riƙe hannun Inna kafin ungozoma ta iso a kan kekenta. Da mijinta ya rasa aiki, tukunyarmu ta ƙara girma, ba wanda ya ce uffan.

Talauci ne ya haɗa kan mutanen, kada in ɓoye miki. Ran Litinin mace ta kai kwat ɗin mijinta jingina, ran Juma'a in an yi albashi ta karɓo, ya sa ran Lahadi, Litinin ya koma. Mai shagon da ke kwanar layi yana da littafin bashi, kowane gida da shafinsa. Makulli yana rataye da zare a bayan 'yar kafar da ake jefa wasiƙa. Kowa ya sani, ba mai taɓawa, ai babu abin sata ma. In an yi rasuwa, mata biyu su bi gida-gida da gwangwani, kowa ya jefa kwabo ko sisi, ranar jana'iza a saki labule a layin gaba ɗaya. Yaro kuwa na kowa ne. Ki yi rashin kunya a ƙarshen layi, kafin ki iso gida labari ya riga ki, wataƙila ma an riga an ja miki kunne a hanya.

Abu ɗaya da talaka ba ya biya shi ne ganin likita. Babanki ya yi ciwon haƙarƙari yana ƙarami, numfashi sama-sama. Likita ya zo har gida da jakarsa, ya duba shi, ya rubuta magani. Kakanki ya sa hannu a aljihu, likita ya girgiza kai. Tsarin kiwon lafiya na gwamnati a lokacin bai jima da cika shekara goma ba. A gefen Mancesta aka ƙaddamar da shi, a asibitin Davyhulme, ranar 5 ga Yuli 1948, minista Aneurin Bevan da kansa ya je. Tsofaffin layinmu sun san zamanin da uwa kan ƙirga kuɗi kafin ta kira likita, wani lokaci kafin ta gama ƙirgar yaron ya cika. Wannan gida za ki shiga aiki, 'yata. Ana cewa ya gaji, layi ya yi tsawo, ma'aikata sun yi kaɗan. Duk da haka ki shige shi da girmamawa. Ba don Allah ya sa shi sanadi ba, da wataƙila babu babanki, balle ke.

Akwai daɗi, wallahi akwai. Mako bakwai bayan Ista, coci-coci kan fito zagayen gari, 'yan badujala a gaba, yara sanye da sababbin kaya, 'yan mata cikin fararen riguna, dangi suna cusa musu kwabbai a hannu. Ni dai sallah na gani, sai dai babu rago. Mukan tsaya gefe muna kallo, Inna ta ɗinka mini sabuwar riga don kada in ji babu daɗi. In masaƙa ta ba da hutu, mu hau jirgin ƙasa zuwa Blackpool bakin teku, mu zauna kan yashi cikin kwat, iska tana kaɗa mu, wai hutu muke. Akwai gidan namun daji na Belle Vue, wanda aka rufe a 1977. Can na fara ganin zaki da giwa, ni 'yar Afirka, abin da 'yan ajinmu suka ƙi yarda da shi har muka rabu. Akwai soyayyen kifi da dankali naɗe a tsohuwar jarida, wanda kakanki bai yarda mun ci ba sai da ya shiga har wurin kaskon suya, ya tabbatar da kitsen shanu ake yi, ba na alade ba. Filin wasanmu kuwa kangayen da bama-baman Jamus suka bari ne a Disambar 1940. Cikin fasassun bulo muke wasan ɓuya, ba mu taɓa kawowa an mutu a wurin ba.

Unguwarmu tana tsakanin filayen ƙwallo biyu, Old Trafford ta yamma, Maine Road ta kudu. Babanki ɗan City ne har ya koma ga Allah, kin fi ni sani. Ranar 6 ga Fabrairu 1958 jirgin saman da ya ɗauko 'yan United ya faɗi a Munik. Mutum 23 suka rasu sanadin haka, takwas 'yan wasa ne, yawancinsu samari. Na ga ƙarti majiya ƙarfi suna kuka a bakin shagon jarida. 'Yan City ma sun yi kuka. Inna ba ta san ƙwallo ba, amma ta san uwar da aka ce wa ɗanta ba zai dawo ba. Ta zauna ta yi ta salati.

Addininmu bai sha wahala yadda za ki zata ba, sai dai ya sha tafiya. Masallaci wani gida ne a Victoria Park, inda fataken yadi 'yan Siriya da mutanen Pakistan ke haɗuwa. Nama kuwa sai kakanki ya hau bas zuwa Cheetham Hill wurin mahautan Yahudawa, kafin shagunan halal su yawaita. A tsakiyar shekarun 1960 azumi ya faɗo cikin hunturu, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, ina dawowa daga makaranta ana shan ruwa. Ke ma kin taki sa'a, yanzu ya sake juyowa wajen sanyi.

Kin ji ni ina ta zuba, sai ki ɗauka aljanna muka baro. A nan nake so ki kula. Hausawa suka ce kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba. Zuciyar tsoho takan ajiye zaƙi ta zubar da ɗaci, ba da niyyar ƙarya ba. In na matsa wa kaina, sauran ma yana dawowa.

Bangon ɗakin kwananmu jiƙe yake rabin shekara, ga fumfuna, ga kuɗin cizo. Hunturun 1962 zuwa 1963 ƙanƙara ta kwanta tun ƙarshen Disamba, ba ta narke ba sai Maris. Famfo ya daskare, bayan gida ya daskare, sai fitilar ƙwai muke kunnawa a ciki ko bututu ya tsira. Madarar da ake ba mu kyauta a makaranta takan daskare ta ture murfin kwalba. Daren Juma'a kuma, ta bango mukan ji abin da giya ke sa wasu mazan yi wa matansu. Da safe matar ta fito da kumburarren ido, ta ce ƙofa ce ta buge ta. Layin nan da ke haɗa kuɗin jana'iza, shi ne dai ke kawar da kai daga wannan. Yarinya ta cika shekara 15 ta bar makaranta ran Juma'a, Litinin tana masaƙa, komai kaifin ƙwaƙwalwarta.

Mu kuma da namu ƙarin. Kafin kakanki ya samu gidan nan, ya sha ganin takarda manne a taga: akwai ɗaki, amma ban da baƙar fata. Doka ba ta hana wannan ba sai 1968. Akwai malamar da ta ajiye ni a bencin baya tun ranar farko, ba ta tambaya ko na iya karatu ba. Akwai sunayen da yara ke kiran mu da su, ba zan ɓata takarda da su ba. Na yafe tuntuni. Da yawansu abin da suka ji a gida suke maimaitawa, iyayen kuma tsoron rasa ɗan abin da ke hannunsu ne ke cin su. Amma don na yafe ba zan ce ba a yi ba.

Saboda haka da hukumar birni ta tashi rushe Hulme a shekarun 1960, ba ta yi ƙarya ba da ta ce gidajen ba su dace da ɗan Adam ba. Katafila ta zo, layi bayan layi. Mu muka koma haya a Moss Side. Sauran aka kwashe su zuwa unguwannin bayan gari, wasu Wythenshawe, wasu Hattersley, wasu Langley. Gidaje masu ban-ɗaki a ciki, ruwan zafi a famfo, har da ɗan lambu. Maƙwabciyarmu ta yi kukan murna ranar da ta ga bahon wanka na gaske. Da muka kai mata ziyara bayan wasu watanni, tafiyar ta ci mana rabin yini. Gidan tsaf, ita kuwa ta rame. 'Yar'uwarta an kai ta wani gefen gari, uwarta wani gefen. Babu shago kusa, babu mai ƙwanƙwasawa neman aron sukari. Masu zana taswira sun ƙirga ɗakuna da tagogi daidai. Ba wanda ya rubuta wace ce ke riƙe wa wace yaro, wa ke leƙa wane tsoho da safe. Da an kwashe layi guda an sauke shi wuri guda, da abin ya zo da sauƙi.

Inda gidajenmu suke aka gina wasu manya-manyan benaye huɗu masu lanƙwasa, aka buɗe su a 1972. Mun riga mun taho, a wasiƙa muka ji labarinsu. Danshi, kyankyasai, ɓeraye, dogayen baranda da ba mai sanin na kusa da shi. Ba a jima ba wani yaro ya faɗo daga sama ya mutu, iyaye suka ce a fitar da su. A farkon shekarun 1990 aka rushe su su ma. Wato in kin je Hulme, gini na uku za ki gani a kan ƙasar da babanki ya yi rarrafe.

Masaƙun ma a lokacin mutuwa suke. Indiya da Pakistan da Hong Kong sun cika kasuwa da yadi mai araha. A 1959 gwamnati ta yi dokar biyan masu masaƙa su farfasa tsofaffin injina. Babbar kasuwar auduga ta tsakiyar gari ta daina ciniki a 1968, yanzu gidan wasan kwaikwayo ce. Tashar jiragen Salford ta rufe a 1982. Kakanki ya ga inda abin ya dosa, ga yaƙin basasa ya ƙare a gida, sai ya tattara mu a 1971. A shekarar ce Ingila ta yi watsi da tsohon lissafinta na sule da kwabo. Muka iso Nijeriya muka same su, a 1973 naira ta zo ta kore su a nan ma.

A Kakuri ya samu aiki. Masaƙar farko ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, da haɗin gwiwar wani kamfanin Lankasha aka kafa ta. Na sake jin jiniya da asuba, na sake ganin kekuna sun cika hanya. Na ce to, aiki ya biyo mu gida. Ke kin san ƙarshen labarin, kin tashi kina ganin ciyawa a ƙofofin masaƙun nan. Na ga gari ya rasa abin da yake tashi dominsa da safe a can, na sake gani a nan. Shi ya sa in tsohon Baturen Mancesta ya fara kukan zamanin da, ba na jin sa baƙo. Na san kukan, na sha jin sa a bakin tsofaffin ma'aikatan Kakuri.

Su za ki tarar a kan gado, 'yata. Yaran da suka shiga masaƙa suna shekara 15, yanzu sun doshi 80 ko sun haura. Za ki ga tsohuwa tana magana da ƙarfi, ta kafe bakinki da ido. Ba faɗa take ba. Ƙarar injin saƙa ta cinye mata kunne tun tana budurwa, ta koyi karanta leɓe. Daga wannan gefen titi zuwa wancan sukan yi hira babu sauti. Ki tsaya inda haske ke fuskarki, ki yi magana a hankali, in hali ya yi ki sauke takunkumi. Za ki ji ƙirji yana kuka. Ƙurar auduga ce ta shekaru, da hayaƙin da na ba ki labari, da taba. Wani zai manta sunan 'yarsa, amma ya tuna lambar gidansu a layin da aka rushe tun kafin a haifi mahaifiyarki. Ki tambaye shi sunan layin. Ki tambaye shi City ko United. Sai ki ga ya buɗe baki ya sha maganin da ya ƙi tun safe.

Wani kuma zai ce garin ya lalace tun da baƙi suka cika shi, yana faɗa yana kallon ki. Zai yi zafi. Ki sani sau da yawa ba ke yake nema ba. Layinsu yake nema, da jiniya, da ƙarfin jikinsa, da matarsa da ta riga shi. Bai san wa zai kama ba, ke ce a tsaye kusa. Ki yi aikinki da kyau, ki gyara masa matashi. Sau da yawa irinsu ne ke riƙe hannun mutum ranar sallama su kasa saki. Amma haƙuri ba wulaƙanci ba ne. In abu ya wuce gona da iri, ki kai wa shugabarki. Akwai doka yanzu, an sha wuya kafin a same ta.

Ke ma kewa za ta kama ki, wajen watan Nuwamba, in kin fita aiki da duhu kin dawo da duhu. Kaduna za ta yi miki kyau fiye da yadda take. Za ki manta ɗauke wuta da sauro da layin mai, ki tuna ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari. Babu laifi. Ki yi kukanki, ki kira gida. Abin da nake jiye miki shi ne ki rufe ƙofa ki zauna da waya, jikinki a Ingila, ranki a Kaduna, shekara ta bi shekara ba ki san sunan wanda ke bayan bangonki ba. Na ga waɗanda suka yi haka. Ranar da ciwo ya kayar da su, waya ba ta ɗebo musu ruwa ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma ba kullum ƙafar ke bukatar jirgi ba, wani lokaci ƙofar gefe ce kawai.

Mutanen arewacin Ingila ba su da wuyar sha'ani. Suna gaisawa a tashar bas, suna gode wa direba in za su sauka. Ki fara da zancen ruwan sama. Ba ya ƙarewa a garin nan, zancensa ma ba ya ƙarewa. In kin ga tsohuwa tana jan kwandon shara, ki kama mata.

Ranar hutu ki je Salford inda tashar jiragen take, yanzu BBC ce a wurin. Akwai gidan da aka tara zanen L. S. Lowry, wanda ya yi shekaru yana bi gida-gida karɓar kuɗin haya a irin unguwanninmu, da dare ya yi zane. Wasu na cewa yaro ma zai iya zana mutanensa. Ki dubi yadda suke tafiya a sunkuye, ki dubi farin sararin da babu rana. Haka muke, bai ƙara komai ba. Ki leƙa kuma tsohon zauren taro na Chorlton da ke All Saints, wajen jami'a, inda a Oktoban 1945 Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta da W. E. B. Du Bois suka zauna taron neman 'yancin Afirka. Gaban ginin yana nan, da allon tunawa. Kakanki ba ya wuce wurin bai rage tafiya ba.

Kwat kuwa kada ki saya a nan, na can ya fi kauri, ki nemi mai tare ruwa. Ki tafi da kuka da busasshiyar kuɓewa, amma kilishi ki bar shi, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Ranar da kika fara tuƙa tuwo a sabon gida, ki zuba na maƙwabta. Ki dai rage musu yaji.

Ki biyo ta nan kafin ki tashi, in sa miki albarka da bakina.

Gwaggonki.